Mundayen da Suka Shiga Cikin Rulo

Cikin duk shekarun da na yi ina sassaƙa ƙarfe, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da wata tsohuwa ta miƙo mini ƙafarta a gefen hanya, can wajen Dapango. Ku da kuke shiga kanti yanzu ku sayo kayan gyara a cikin kwali, ku saurara.

Lokacin babban yaƙi na biyu ne, Faransa ke riƙe da ƙasar. Ina aiki a garejin masu gyaran hanya a Sokode. Bature ɗaya ne a kanmu, muna ce masa shef. Ni ne mai tur, wato injin da ke juya ƙarfe kana sassaƙarsa har ya kai awon da ake so. Jiragen ruwa sun daina kawo kaya, saboda haka duk abin da ya lalace, ko dai mu ƙera shi ko ya zauna.

Gab da damina aka aiko cewa rulon da ke danne hanya a arewa ya tsaya. Shef ya ce in hau motar kaya in je in duba. Na tarar da direbansa, Lamboni, ɗan ƙabilar Moba daga wani ƙauye wajen Naki, ya zauna a inuwar injin ya yi tagumi. Muka ɗaga gangar gaba muka zare sandar da take juyawa a kai. Tsakanin sandar da gangar akwai wata tagulla mai rami da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Turawa suna da sunansu, mu kuwa zobe muke ce mata. Wannan zoben ya cinye har ya tsage gida biyu.

Abin da ya dami Lamboni ba aikinsa ba ne. Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya riga ya faɗa: in rulo bai tashi kafin ruwa ya sauka ba, za a kira mutanen ƙauyuka su daɓe hanyar da hannu. Aikin dole ke nan, kuma daidai lokacin shuka. Bara gero bai yi ba, rumbuna sun kusa ƙarewa. In aka kwashe maza a watan shuka, yunwa ce kawai.

Ni kuwa na san abin da na baro a gareji. Ko guntun tagulla babu. Na ce masa, da ƙarfi kamar yadda na saba magana, "Lamboni, zoben ya mutu. In ba a sami zoben tagulla ba, rulon nan ba zai motsa ba."

Ashe mahaifiyarsa tana bayanmu, ta kawo masa tuwo a ƙwarya. Hausarta ta kasuwa ce, wajen sayar da man kaɗe ta koya. Ta zauna kan dutse, ta miƙo ƙafar dama mai ɗauke da wata ƙatuwar munduwa, ta ce, "Yaro, kawo ƙarfe naka, buɗe shi. Zobe ga shi nan."

Wallahi dariya na yi, har da riƙe ciki. Na ce, "Iya, ba irin wannan zoben ba ne, na inji ne." Ta ce, "Tagulla ne ko ba tagulla ne ba?" Na durƙusa na ɗaga munduwar don in nuna mata bambancin, sai na ji nauyinta a tafin hannuna. Nan dariyar ta ƙare.

Lamboni ya hau ta da faɗa da yarensu. Daga baya ya gaya mini mahaifinsa marigayi ne ya sa mata ita ranar aurensu, ba ta taɓa fita daga ƙafar ba. Ta bar shi ya gama, sannan ta nuna mini ƙafar kuma. Na ce, "Iya, in ta shiga wuta ba ta dawowa. Kuma aikin zai iya ƙi." Ta ce ta ji. Na sa ƙarfe na buɗe. Inda munduwar ta zauna fatar ta yi fari fat.

Ɗaya ba za ta isa ba, na kuma faɗa mata. Washegari sai ga matan ƙauyen sun biyo ta, kowace da abin da ta cire, na hannu da na ƙafa, suka tara a ƙwarya. Na karɓi ƙwaryar da hannu biyu.

Na koma Sokode da ƙwaryar a cinyata da tsohon zoben a buhu. Shef ya goga ɗaya da zarto, ya duba, ya ce, "Wannan tagulla tana da laushi, ba za ta daɗe ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, damina ɗaya muke nema." Sai ya buɗe sito ya ɗauko ɗan kuzan da yake ɓoyewa, ya ce a haɗa don ta yi ƙarfi.

A Zongo, unguwar baƙi ta Sokode, akwai maƙerin tagulla, Baba Alasan. Na sassaƙa masa siffar zoben da itace, ya binne ta a yashi mai laima ya zare, ya narka mundayen da tsohon zoben ya zuba. Na ɗora a tur, na fara cire bayan, sai ga ƙananan ramuka ko'ina kamar gidan zuma. Na koma da shi Zongo. Baba Alasan ya ce, "Ɗana, yashin ne bai bushe ba. Tattara mini har ɓarɓashin." Na share ƙarƙashin injin da tafin hannu. Zubi na biyu ya fito sumul.

Ku lura da nan, don shi ne aikin. Bayan zobe dole ya fi ramin ganga kauri kaɗan, kamar silin gashi, don ya kama. Cikinsa kuma dole ya ɗan fi sandar faɗi, don mai ya sami hanya. Ina yanka kaɗan, in tsaya in auna, in sake. Ban taɓa jin tsoron ƙarfe kamar wannan ba, don na san a ƙafar wa aka ciro shi.

Da na koma Dapango hadari ya fara haɗuwa a gabas. Zobe irin wannan ba a buga shi da guduma. Muka kewaye bakin gangar da gawayi har ya yi zafi ya buɗe, zoben kuma yana jiƙe a randar ruwan sanyi. Muka ɗauko shi muka ɗora itace a kai, bugu kaɗan ya zauna daram. Muka mayar da sanda, muka zuba mai, Lamboni ya hura wutar tukunyar injin, don da tururi yake tafiya. Rulo ya yi tari, ya motsa, babu ƙara babu girgiza. Aka aika wa kumandan, ba a kira kowa aikin dole ba.

Tsohuwar ta zagaya gangar tana leƙe, ta ce ina nata yake. Na ce, "Yana ciki, Iya, ba a ganinsa." Tausayinta ya kama ni, na fara ba ta haƙuri. Ta ɗaga ƙafar ta girgiza, ta ce, "Ƙafa ya yi sauƙi. Gobe ni zan riga kowa zuwa gona."

Tun daga ranar na daina raina kowane guntun ƙarfe da aka kawo mini, na kuma daina yi wa mutum dariya kafin ya gama maganarsa. A wannan sana'a tamu, abin da ke ɗauke da nauyin duka yana can ciki inda ido ba ya kai, kuma wani ne ya ba da shi. Shef ya ce zoben ba zai daɗe ba, gaskiya ya faɗa, ya cinye daga baya. Amma kafin nan an yanke gero an cika rumbuna.