Ranar da Na Hau Katakon Wankan Gawa

A zauren gidan da na fara kama ɗaki a Agadas akwai wani katako jingine a bayan ƙofa. Ya ɗan fi ni tsayi, yana da faɗi, ya yi sumul kamar an shafe shi da mai. A kansa ake wanke mazan unguwar idan sun rasu. Kowa ya san haka, ni kaɗai ne ban sani ba. Baƙo ne ni daga kudu, kuma a ƙauyenmu a bayan zana ake yin wankan, ban taɓa ganin an ware masa katako ba. Kullum ina wuce shi ban tambaya ba, don a wancan lokacin ina ganin tambaya aikin marasa wayo ce.

Maigidan wani tsoho ne da ya yi fataucin gishiri da raƙuma a ƙuruciyarsa. Baba muke ce masa. Shi ke wankan.

Shekarun fari ne, sojoji na riƙe da ƙasa. Makiyaya sun zubo bakin gari ba dabba ko ɗaya a bayansu, kuma mutum ko dariya zai yi a kasuwa sai ya waiwaya tukuna. Ni kuwa ina gyaran mota a wani gareji, cikina ba ya kwana da yunwa, shi ya sa kaina ya samu sararin yin wauta.

Wata rana Turawan nan masu ƙetaro hamada su sayar da motocinsu suka bar wata jarida a ƙarƙashin kujera. A cikinta akwai hoton wani ƙato tsaye a kan allo, ya riƙe igiya, ƙaramin jirgi mai inji yana jansa a bisa ruwa, ruwan na tashi a bayansa fari fat. Na nuna wa abokaina biyu, wani shofer, wato direba, da wani maƙerin azurfa.

"Wannan ai ba wani abu ba ne," na ce. "Tsayuwa ce kawai."

Maƙerin ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Ni ruwan nake kallo. Duk wannan, kuma ba mai sha."

"Rairayi ma ruwa ne, in mota na gudu," in ji shofer. Maganar banza ce, amma ni na ɗauke ta.

Muka sa ranar Lahadi. Shofer zai kawo wata tsohuwar kat-kat, motar shiga rairayi, da muka gama gyarawa, a ce gwada ta za mu yi. Maƙeri zai kawo shayi. Ni na ce allo a wuyana yake. Ranar da hantsi Baba ya fita, na saɓi katakon na yi waje. Wata mata a ƙofar gidanta ta gan ni ta dafa ƙirji ta ce, "Wa kuma?" Na ce mata, "Ni ne," ina murmushi. Na ɗauka tambaya take wa zai yi amfani da shi.

A gareji na ɗauko tsofaffin takalmana na taya na kafe su da ƙusa a tsakiyar katakon, don ƙafa ta samu wurin riƙo kamar na mutumin hoton. Har yau in na tuna ƙarar gudumar nan sai na runtse ido.

A shingen fita gari jandarma ya leƙa bayan motar, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ina za ku da wannan?"

"Gwajin mota, mushe," in ji shofer, yana girmama shi da Faransanci.

"Da katako?"

"In ta kafe a rairayi mu sa mata a ƙarƙashin taya."

Ya ɗaga mana hannu. Muka wuce muna yabon kanmu.

Mun sauka cikin ƙoramar da ke arewacin gari, wadda ta shekara ba ta ga ruwa ba. Muka ɗaure igiya a bayan mota, na ɗaura guntun icce a ƙarshenta, na zura ƙafafuna cikin takalman. Maƙeri ya zauna gindin wata busasshiyar ƙaya yana hura gawayi.

"Ka yi wasiyya?" ya tambaye ni.

"Zuba mini shayin farko, yanzu zan dawo."

Shofer ya ja motar. Katakon bai motsa ba, ni na motsa. Na fice daga takalman na tafi da fuska, kuma ban saki igiyar ba, don babu wanda ya faɗa mini ana saki. Sai da ya ja ni nisa kafin ya waiwaya. Na tashi ina tofar da rairayi, wandona ya sauka har gwiwa.

"A hoton da wando yake," in ji maƙeri.

Na sake gwadawa na faɗi, na sake na faɗi ta ɗaya gefen. A bakin ƙoramar akwai bukkokin makiyayan da fari ya koro. Suka fito suka tsaya suna kallonmu, ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Daga baya na gane in na durƙusa kaɗan na kwanta baya, katakon yana ɗaga kai. Shofer ya ja a hankali, sai ga ni tsaye ina tafiya. Iska ta cika rigata, ƙura na tashi a bayana. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Har na saki hannu ɗaya ina ɗaga wa maƙeri. A nan katakon ya daki ƙashin wani raƙumi da rairayi ya rufe rabinsa. Na ji ƙara, na ga sama, na ga ƙasa. Da na tattara kaina, katakon ya tsage gida biyu daga kai har ƙafa, kowane ɓari da takalminsa.

Mun dawo bayan la'asar. Tun daga bakin lungu na hango maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gidanmu, shiru. Mai ga-ruwan unguwarmu ne ya rasu kafin azahar, mutumin da ke kawo mini ruwa kowace safiya. Tun lokacin ake neman katakon. An shiga gida gida, an aika unguwar gaba aka tarar nasu yana kan aiki. Ga zafi, ga gawa a kwance tana jira, ga ruwan da mata suka haɗo da ƙyar yana cikin tulu.

Na ratsa tsakiyarsu da ɓari ɗaya a kowace hammata. Abokaina sun tsaya can nesa suna duba tayar mota.

Baba ya karɓi ɓarin guda, ya juya shi, ya taɓa takalmin da yatsa.

"Yaro, me ka yi da shi?"

"Hawa na yi, Baba."

"Hawa."

"Mota na ja na."

"Zuwa ina?"

"Ba ko'ina."

Wani a cikin mutanen ya yi gyaran murya. Baba ya ce, "Duk wanda ya hau katakon nan kafin kai, ɗaukarsa aka yi aka ɗora. Kai ne na farko da ya hau da ƙafarsa."

Sai a lokacin na gane. Na tuna matar nan da ta dafa ƙirji, da amsar da na ba ta. Na ruga ɗakina na ciro ƙofar daga mazauninta, na kawo na ajiye a gabansa, ina jin na yi abin kirki.

"Ga tawa, Baba."

"Ita ma tawa ce," ya ce. "Amma kawo."

Aka shimfiɗa ƙofar a cikin zaure. Na juya zan sulale, Baba ya riƙo hannun rigata.

"Ina za ka? Je ka wanke hannunka, ɗauki buta. Kai za ka zuba mini. A hankali, ruwan ba shi da yawa, kuma mai kawo shi ne a kwance."

Ban taɓa ganin gawa kusa haka ba. Rairayi na zuba daga gashina, Baba yana ce mini nan, yanzu nan, tsaya. Mun kai mamacin makwanci rana na dab da faɗuwa. Ƴaƴansa ba su ce mini komai ba, a ranar ko bayanta, kuma ban taɓa samun bakin da zan ba su haƙuri yadda ya kamata ba.

Ƙofar ba ta koma ɗakina ba. Baba ya jingine ta a bayan ƙofar zaure, ni kuma na rataya buhu, na yi sanyin shekarar a haka. Duk lokacin da aka yi rasuwa sai ya aiko a kira ni daga gareji in riƙe buta. Da ƙarfinsa ya ƙare na karɓi wankan, kuma da ya rasu ni na wanke shi a kan wannan ƙofar.

Tana zaurena yanzu. Duk baƙon da ya kama ɗaki a gidana, kafin in nuna masa inda randa take, sai na kai shi gabanta na faɗa masa ko ta mece ce.