Masoyin da Na Ƙirƙira wa Goggo

Goggo, daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga wata, kika fita aiki kina mitar an ɓatar miki da murfin biro. Kafin azahar aka kira Baba cewa kin faɗi a bakin allo, a gaban ɗalibanki. Ko ciwon kai ba ki yi ba. Har yanzu idan ƙofa ta motsa sai na ɗaga kai.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ke ma rabinsa kika sani. Na daɗe ina zaton kina da masoyi a ɓoye. Kowa na ganin yadda wayarki kan yi ƙara muna cin abinci, ki ajiye cokali, ki duba, fuskarki ta washe, ko kuma ki yi tagumi yini guda. A littattafan da nake karantawa abu ɗaya ne ke sa mace haka. Sai na ƙirƙira shi. Na ba shi tabarau da tabo a gira, na sa yana aiki a wata ƙasa mai nisa. Har rigar da zan sa ranar bikinku na zaɓa.

Wata yamma ina taya ki ninke kaya, na daure na ce, "Goggo, yana da kirki?" Kika yi dariya har kika ƙware. Kika miƙo mini wayar: lambobi ne zalla. Ashe wata babbar kwamfuta ce ke turo miki saƙo duk lokacin da ta gama wani yanki na lissafinki. Na ji kamar an yage shafin ƙarshe na littafina.

Amma ba ki bar ni da kunyata ba. Kika cire zobenki kika murza shi a kan tebur. Kika ce a tsakiyar ƙwayar zarra akwai furoton, a cikinsa akwai wasu ƙananan abubuwa uku da ake kira kuwak, kowanne da wani abu mai kama da wannan juyin, ko da yake ba juyi ne irin na zobe ba. Da aka auna, sai aka ga nasu bai wuce kashi ɗaya cikin uku na juyin furoton ba. Ina sauran? Shi kike nema. Kika ja ni bakin taga kika nuna mini ragar sauro. Kika ce tunda lissafin ya fi ƙarfin takarda, sai ku yanka sarari ƙanana-ƙanana kamar idon ragar nan, kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wata da watanni. Na ce wannan ai jira ne. Kika ce, "Mai Littafi, su mutanen littafinki ba jira suke yi ba?"

Ke ce ba ki taɓa ƙwace mini littafi ba. Idan Baba ya fara faɗa, sai ki ce ya bar yarinya, shi da ko takardar magani ba ya karantawa. Ɗalibinki da aka kora daga gidan haya, a ofishinki ya riƙa kwana har ya gama jarrabawa, ba daga bakinki muka ji ba.

Washegarin rasuwarki wayar ta yi ƙara a ɗakin Kaka, mata cike da ɗaki. Ni kaɗai na san ƙarar. Wannan ɗalibin ya zo gaisuwa, Baba ya nuna masa saƙon, ya karanta ya zauna a ƙasa. Lissafin da kika fi shekara kina jira ne ya kammala.

Goggo, a ranar ne Kaka ta faɗi abin da ya hana ni sukuni. Tana riƙe da ɗankwalinki ta ce 'yarta ta tafi ba miji ba ɗa, ba ta ji daɗin duniya ba, ita da na'ura kawai. Mata suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa na tashi na fice daga ɗakin. Kin san ni. Tun ranar Kaka ba ta cin abincin kirki, tana ganin da laifinta da ta bar ki da karatu.

Alhali ni na ga fuskarki. Na sa miki ido fiye da kowa a gidan nan, don neman wani mutum da babu shi, kuma abin da na gani ban ƙirƙira ba. Mace ce mai farin ciki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sanar da ke abin da kika yi ta nema. Allah Ya ba Kaka da Baba da ɗalibanki haƙuri, mu ma Ya kyautata namu ƙarshen.

Da niyyata in ɓoye wannan takarda a ƙarƙashin katifa, inda sauran rubutuna suke. Na fasa. Kaka na zaune a falo yanzu, abincinta ya huce. Zan miƙa mata. Za ta ce idonta ba ya gani, in karanta mata, kuma zan karanta, har da wurin tabon gira.