Sunayen da Cha'ibu Ya Rubuta

Shekara goma sha ɗaya rumfar ɗinkina tana kallon ƙofar ɗakin littattafan Gaya, saboda haka in ana zancen Cha'ibu tsohon soja ba na son wanda bai gani da idonsa ba ya riga ni buɗe baki. Wasu sun ce mugu ne, wasu sun ce ɗan koren Nasara ne. Ni da na ci tuwo kwano ɗaya da shi na san ba ko ɗaya. Mutum ne mai son abu fiye da kima, kuma son nan ne ya kai shi inda ya kai shi.

Sa'ana ne, unguwa ɗaya muka tashi. An kama shi soja yana ɗan shekara ashirin, ya dawo bayan yaƙin Jamus da ƙafar hagu wadda ba ta lanƙwasuwa, da Faransanci a baki, da rubutu mai kyau da ya koya lokacin da yake kwance a asibitin soja. Noma ya gagare shi, jirgi ma bai iya tsayuwa a ciki. Ya yi aure, suka zauna shekara uku ba haihuwa, suka rabu lafiya. To, wajen shekara shida kafin a sauke tutar Faransa, aka share wata tsohuwar mangaza, ɗakin ajiyar gyaɗa, kusa da kasuwa, aka kawo adaka biyu ta ƙarfe cike da littattafai daga Yamai, aka ce ana neman mai tsaro. Ba wanda ya yi takara da shi. Aka ba shi mabuɗi, da tebur, da benci biyu, da wani ƙaton kaye, littafin rajista mai baƙin bango. Doka guda ce: duk wanda ya ari littafi a rubuta sunansa, da na ubansa, da unguwarsu.

Wata huɗu ba mai shiga sai ƙadangaru da mushe biyu, malaman lakwal, wato makarantar boko. Nakan leƙa in tambaye shi ko yau ma kasuwa ta ci, ya zage ni da Faransanci, in koma kan kekena ina dariya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A lokacin nan duk kaka ana ɗibar yara lakwal da ƙarfi. Gardi masu jar hula su bi gida-gida, wanda suka gani su rubuta, shi ke nan ya fita hannun iyayensa. Mutanen bakin gulbi, masunta, sun fi kowa ƙin abin, don yaro a lakwal hannu guda ne ya ragu a jirgi. Sai aka koyi ɓoyo. Wani a kife masa jirgi, wani a jefa shi rumbu, wani a ƙetara gulbi da shi zuwa garin Malambil wajen dangi ya yi mako. Gardi ba su san fuska ba, ba su san gida nawa ke da yara nawa ba. Su leƙa, su sha ruwa, a danƙa musu busasshen kifi, su wuce. Kowa ya san wasan. Mutanen da suka saba haka, ina za su tura ɗansu ɗakin da ake rubuta suna?

Da Cha'ibu ya gaji da zaman kaɗaici, sai ya zuba littattafai masu hotuna a tsohuwar jakarsa ta soja, ya ɗingisa zuwa bakin gulbi bayan la'asar, inda mata ke bandar kifi. Ya zauna kan kifaffen jirgi, ya buɗe hoton jirgin ruwa mai hayaƙi, ya fara ba da labari da Hausa, in ya ga fuskar da ba ta gane ba ya juya Dandanci, harshen mutanen bakin gulbi. Na sha kama shi yana ƙara gishiri. Labarin da ya ƙare shafi uku a littafi, a bakinsa sai ya kai kwana uku. Ran farko yara biyar suka tsaya daga nesa. Kafin damina ta faɗi sun wuce talatin, har uwaye suna matso da kaskon bandarsu kusa, wai hayaƙi ne ya dame su a can. Ba ya barin yaro ya taɓa takarda sai ya wanke hannu a gulbi ya miƙo an duba, ciki da baya, kamar a bariki. Ban taɓa ganinsa da farin ciki irin na lokacin nan ba, har ƙiba ya yi.

Sai yara suka fara kukan a bar su su tafi da littafi gida. Uwaye suka ce a'a, saboda kaye.

Babba a cikin matan nan ita ce Fatuma, matar wani masunci Alassan. Bakwai ta haifa, ta binne shida. Wadda ta rage ita ce Aisata, yarinya siririya mai yawan tari, wadda kullum ita ke zama dab da gurguwar ƙafar Cha'ibu, har ta fara gane baƙaƙe ba wanda ya koya mata. Ita ta fi kowa kukan aro. Fatuma ta ce sai dai a yi rantsuwa. Aka ɗauko Alƙur'ani, aka kira ni shaida, ni da ban san hawa ba ban san sauka ba.

Ta ce, “Soja, ɗiya guda gare ni. In sunanta ya shiga takardakka, ni da kai har gaban Allah.”

Ya aza hannu ya ce, “Yaya Fatuma, in na rubuta sunan ɗan wani cikin kayen can, Alƙur'anin ga shi ci ni.”

Shekara biyu ya riƙe maganarsa. Wa ya ɗauki me, ran yaushe, duk a ka yake ajiyewa. Littattafai suka riƙa kwana a bukkokin bakin gulbi, suna dawowa da ƙarnin kifi da warin hayaƙi. Guda ɗaya tak ya ɓace, shi ma akuya ce ta cinye.

Cikin damina ta uku wani Bature mai duba irin waɗannan ɗakuna ya zo. Saurayi ne mai ladabi, har hannu ya ba Cha'ibu. Ya buɗe kaye ya ga suna biyar a shekara biyu. Ya ce, ba da faɗa ba, garin da ke da masu karatu biyar bai bukatar adaka biyu, ƙarshen wata za a kwashe a kai Dosso. Cha'ibu ya roƙe shi ya jira la'asar su je bakin gulbi ya gani. Baturen ya dubi agogo, ya dubi hadarin da ke tasowa, ya ce manyansa na Yamai ba bakin gulbi suke karantawa ba, takarda suke karantawa. In akwai masu karatu, a aiko masa da kaye kafin wata ya mutu.

Kwana uku Cha'ibu yana zaune a rumfata bai cin abinci. Na ce masa ya bar su su kwashe, labarin da ke kansa ya ishi yaran shekara goma. Ya ce labari ba hoto ba ne, kuma Aisata ta kusa iya karanta layi guda da kanta. Na ce to ya ƙaga sunaye, waye a Yamai ya san wani Isufu daga wani Yakuba? Ya ce shi bai taɓa kai rahoton ƙarya ba, ya ga abin da aka yi wa wanda ya kai. Ya ce wannan Bature na littattafai ne, ba ruwansa da gardi, kaye zai wuce Yamai a rufe ba wanda zai gan shi a nan. Har yau in na tuna wannan magana raina ɓaci yake. Mutumin da ya je har ƙasarsu ya zauna da su, a ce bai san duk birorinsu, ofisoshin nan nasu, ƙofa ɗaya gare su ba.

Ya tambayi malamai kaffarar rantsuwa, bai faɗi ko wace rantsuwa ba. Aka ce ya ciyar da miskinai goma, in bai iya ba ya yi azumi uku. Ya yi duka biyun tun kafin ya karya. Sannan wata safiya ya zauna ya tsoma alƙalami, ina kallonsa daga rumfa. Suna arba'in da uku, kowane da sunan uba da unguwa, layi a miƙe. Har shekarun kowane yaro ya saka, abin da ba a ma tambaye shi ba, don aikin ya yi kyau.

Kayen bai wuce Yamai a rufe ba. Ya kwana a wani biro na nan garin, wani ma'aikaci ya buɗe, ya ga an yi masa aikin ɗibar yara na kaka kyauta.

Da lokacin ɗibar yara ya zo, gardi suka sauka bakin gulbi da takarda a hannu, suna tsayawa ƙofar gida suna kiran suna. Labari ya riga su da kaɗan. Masu jirgi a gaɓa suka ƙetara da nasu. Alassan yana can gangare wajen kamun kifi da jirginsa, kwana biyu bai dawo ba. Fatuma ta yi abin da ta yi bara da bara waccan: ta ɗaga Aisata ta saka ta rumbun ƙasa, ta rufe bakin da faifai, ta kife kasko a kai, ta ce mata ko tari kada ta yi.

Abu biyu ne suka bambanta da bara. Kwana biyu kafin ranar aka zuba sabuwar shinkafa a rumbun, ba ta gama bushewa ba, zafi take fitarwa. Na biyu kuma, gardin sun sani. Suka ce Aisata 'yar Alassan, shekara tara, nan take, za su jira ta. Aka ba su kifi suka karɓa, suka zauna inuwar darni. Tun hantsi. Duk wanda ya san zafin kaka a Gaya ya san abin da nake nufi. Fatuma ta zauna taki huɗu daga rumbun tana gyaran kifi, tana ɗaga murya tana hira da maƙwabciya ta kan darni don yarinyar ta ji tana kusa. Daga baya ta gaya wa matata cewa wajen azahar har daɗi ta ji a ranta, ta ce yau ɗiyarta ta yi hankali, ko motsi babu.

Sai da aka kira la'asar gardin suka tashi, suka ce gobe da safe suna nan dawowa. Da aka fito da Aisata daga rumbun jikinta da ɗumi, har Fatuma ta riƙa cewa barci take. Ɗumin shinkafar ne.

Kafin magariba aka yi jana'iza. Zuwa lokacin kowa ya san daga ina takardar gardi ta fito, don ɗaya daga cikinsu ya faɗa da bakinsa, yana ma yabon rubutun. Cha'ibu ya zo. Ba wanda ya kore shi. Sahu ne kawai ya ja, aka bar masa fili dama da hagu, ya yi salla shi kaɗai a tsakiyar mutane. Ni ma ban matsa kusa ba, ban ɓoye wannan. Da Alassan ya dawo, sai da ƙarti huɗu suka danne shi suka karɓe mashin kifi daga hannunsa.

Yara talatin da ɗaya aka rubuta lakwal a shekarar. Iyayen sauran suka kwashe komatsansu suka gangara ƙasar da Ingilishi ke mulki, wasu ba su sake dawowa ba. Cikin waɗanda aka ɗiba akwai waɗanda suka zama manya, ni na ɗinka wa wasu wandon shiga biro. Akan ce ashe alheri Cha'ibu ya yi musu. Ban ce ƙarya ba ne, amma kada a faɗa a gabana.

Ɗakin kuwa ya tsira. Aka maido kaye tare da takardar yabo da sababbin adaka biyu. Shekara tara bayan haka Cha'ibu yana buɗe ƙofa da safe, ya share, ya kakkaɓe littattafai saboda gara, ya rufe da yamma. 'Yan lakwal kan shigo in mushe ya koro su. Bakin gulbi bai sake zuwa ba, ko kifi ya daina ci. Na koma cin tuwo da shi bayan wata shida, ba don kirki ba, don na gaji da ganinsa ta ƙofa yana ci shi kaɗai. A ɗakin ya rasu, zaune kan benci.

Cikin duk shekarun nan, mutum ɗaya ce daga bakin gulbi ta taka ƙofarsa, sau ɗaya. Bayan sadakar arba'in ɗin Aisata ne, da hantsi, na ga Fatuma ta nufo ɗakin da wani abu naɗe a zane. Na ajiye almakashi na bi ta, ina tsoron wuƙa ce. Ta kwance, ashe littafi ne, ta same shi ƙarƙashin tabarmar yarinyar. Ta aza shi kan tebur. Cha'ibu ya miƙe tsaye.

Ta ce, “Rubuta ta maido.”

Ya buɗe kaye, ya nemi layin, ya rubuta. Ta tsaya har ya gama.

Ta ce, “Wanne na sunanta?”

Ya nuna mata. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma ta sunkuya ta daɗe tana dubawa, ta bi shi da yatsa daga farko zuwa ƙarshe. Sannan ta tambaye shi, a hankali, ko yarinyar ta kai ga iya karanta wannan. Ya ce ta iya, shi ne abu na farko da ta iya.

Fatuma ta ce, “Ba ta gaya min ba.”

Ta ninke zanenta ta fita.