Teburin Baba a Ƙofar Kantinsa

Shekarar da haraji ya fitar da mu daga kantinmu na Djougou, ni ce mai raka Baba biron lampo, wato ofishin haraji, don ni na yi lakwal, makarantar boko, shi kuwa Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Kantin gadon kakanmu ne tun zamanin fataucin goro. Goro da turare da zare muke sayarwa, amma rabin aikinsa na zaure ne. A nan tsofaffin unguwa suke yini kan benci, ana shayi ana musu.

Duk zuwan da muka yi biron, bayani dabam. Wannan ya ce girman ɗakin ake dubawa, wancan ya ce cinikin shekara, wani ya ce mu jira shugaba ya dawo daga tafiya. Na gaji da fassara maganar da ni kaina ban gane ba. Harajin dai kullum sama yake yi, ciniki yana ƙasa.

Sai Baba ya tura ni Parakou wurin ɗan wansa, mai manyan shaguna a Titirou, wanda kowa ya san lampo bai taɓa hana shi barci ba. Na same shi a ofis mai sanyi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ni ba na cin haƙƙin gwamnati, ƙanwata," ya ce. "Kwantabul gare ni mai yi mini lissafi, shi ya san inda doka ta bar kafa. Ku ba ku da kuɗin kwantabul, to ku bar ɗakin. A fito da kaya waje kan tebur. Mai tebur tikitin kasuwa kawai yake yanka. C'est légal, doka ta yarda."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. A mota na yi ta juya yadda zan ce wa dattijo mai furfura ya koma ɗan tebur.

Baba bai yi musu ba. Ya tambaya ko babu haram a ciki, na ce babu. Washegari ya sa wa ƙofar kwaɗo, muka jera goro a tebur, ya zauna bayansa jingine da ƙyauren.

Harajin ya sauka, ba ƙarya. Amma waje babu inuwa, kuma in an ajiye benci 'yan babur ba su da hanya. Tsofaffin suka fara gaisuwa a tsaye, daga baya sai ɗaga hannu daga nesa. Na riƙa jin tausayin Baba har ba na son haɗa ido da shi.

Da damina ta kankama, wata rana ruwa ya tsuge, muka rufe goro da leda. Na ce mu buɗe kantin mu fake. Ya dube ni, hularsa sharkaf.

"In masu lampo suka gan mu a ciki fa?" ya ce.

Muka tsaya a bakin ƙofarmu har ruwan ya ɗauke.