Allurar Gwaggo Ta Je Sama

Kullum da safe, kafin masu fararen riguna su iso ɗakin gwaje-gwaje, Gwaggo Mai Keke ta riga ta shafa wa keken ɗinkinta mai, ta ɗora tabarau a karan hanci. Ɗakinta na ƙarshen baranda, kusa da firji. Tela ce, kuma a wannan kamfanin haɗa magunguna babu wanda ya taɓa sa sunanta a jarida. To, yau da za ta yi ritaya, ni zan yi shela!

Ga yadda abin yake. A sararin samaniya babu nauyi, don haka ƙwayoyin magani kan daskare sumul, daidai wa daida. Idan aka gane sirrin, maganin da majiyyaci ke wuni kwance ana ɗura masa ta ƙarin ruwa zai koma allura ɗaya, asibitocin duniya su yi layin saye. Sai dai kumbon da ke kai kwalaben magani sama yana jijjiga kaya kamar injin niƙa. Kwalaben da kamfanin ya fara turawa sun dawo a farfashe. Saura dama ɗaya. In ta kuɓuce, a rufe kamfanin, kowa ya kama gabansa.

Shugabar bincike ta same ta da kanta. "Gwaggo, jaka muke so wadda za ta rungume kwalba kamar jariri."

"'Yar nan, goyo ne kawai? Kawo."

Ashe ba kawai ba ne. Ta ɗinka, injin gwaji ya girgiza, ya fasa kwalbar. Ta farke, injiniya ya sake awo, ta sake ɗinkawa, har yatsunta suka yi kanta. Masinjan ofis ya rantse ya ga tana yi wa jakar faɗa: "Ke, in kika ba ni kunya a can sama, kada ki dawo."

A ƙarshe jakar ta ci gwaji, aka tura ta sama. Ranar da kayan suka dawo, kowa ya yi cirko-cirko. Shugaba ta zuge zif, ta ɗaga kwalba ta farko, ta biyu, har ta ƙarshe. Ko tsagewa babu! Wayyo daɗi! Injiniya ya yi tsalle har hularsa ta faɗi, shugaba ta rungume Gwaggo tana kuka: "Allurarki ce za ta haifi tamu!"

Ke ce uwar goyon kwalabe, Gwaggo. Ke kika sa ma'aikatan nan suka koma gida da aikinsu a hannu, kika kusanto da ranar da majiyyaci zai sha allura ya tashi ya tafi kasuwa. Mun gode, Allah ya huta gajiya. Masu sana'ar hannu, ku riƙe taku kamar yadda ta riƙe tata.

Da jikarta ta ji labari, sai ta ce, "Kaka, ke da ko jirgi ba ki taɓa hawa ba?"

Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. "Ni ina ƙasa, uwata. Ɗinkina ne ya je ya dawo lafiya."