Gwajin Ruwa a Layin Ciyaman

Cikin duk ranakun da na yi a aikin duba hanyoyi, wadda ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da muka je karɓar wani sabon layi a bakin iyakar Fagge da Sabon Gari. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata abin da ya sa ba na sa hannu a kan hanya sai na ga ruwa ya bi ta kanta da idona. To, ku gyara zama.

Lokacin ina babban jami'in fasaha, wato ina ƙasa da injiniya. Ni ne mai zuwa wurin aiki da tef da na'urar awo, in dawo in faɗi abin da na gani. Shugaban sashenmu Injiniya Lawan ne, siririn mutum mai ƙarancin magana. Idan ya ce maka "to, madalla", sai ka koma ka sake duba aikinka, don ba ka san ko yabo ba ne ko akasinsa.

Ga wanda bai san ƙa'idar ba, haka take. Idan mutum ya sayi babban fili ya yanka shi fulotai, shi zai yi hanyar da ta ratsa ciki, amma ba yadda ya ga dama ba. Akwai faɗin da aka ƙayyade wa titi. Tsakiyarsa dole ta ɗan fi gefunan tudu, don ruwan sama ya rabu, rabi hagu rabi dama. A kowane gefe a yi lambatu a rufe shi da kankare, samansa ya zama hanyar masu tafiya a ƙasa, a bar kafofi a jikinsa daidai da fuskar titi inda ruwa zai shiga. Tsayin hanyar ƙafar kada ya wuce abin da tsohuwa za ta taka ba tare da ta dafa gwiwa ba. Sai mun gamsu da duk wannan ofis yake karɓar hanya, kuma sai an karɓa masu fulotan ciki suke samun izinin gini.

Filin da nake magana a kai tsofaffin sito-sito ne aka rushe. Mai shi wani ɗan kasuwa ne da kowa ke kira Ciyaman, ban taɓa jin ƙungiyar da yake shugabanta ba. Layin ya gangaro ne daga sama ya haɗu da tsohon titi, kuma a daidai bakinsa akwai tsofaffin gidaje biyu suna kallon juna. Na dama na Alhaji Mamuda ne, dillalin shinkafa da sukari a Kasuwar Singa. Na hagu na Madam Ngozi ne, mai sayar da atamfa a Kasuwar Sabon Gari, wadda aka haifa a unguwar, Hausarta kuwa idan ta yi fushi ta fi tawa kaifi. Maƙwabta ne na shekara da shekaru. Da Sallah naman Alhaji yana shiga gidanta, da Kirsimeti shinkafarta tana shiga nasa. Abu ɗaya ne ke raba su: damina. Kowace shekara kowannensu sai ya rantse ruwan ɗan'uwansa ne ya shigo masa soro.

Kafin hutun ƙaramar Sallah na je na auna shimfiɗar ƙasa da lambatun, komai daidai. Abin da ya rage shi ne zuba yashi da jera intalok, ƙananan bulullukan nan da ake daɓe titi da su. Mai kula da leburorin shi ne Foman Isiyaku, gwanin aiki, mutumin kirki, sai dai tun da aka haife shi ba na jin kalmar "a'a" ta taɓa fita daga bakinsa. Ko gaishe shi ka yi, kafin ka rufe baki ya ce, "An gama."

Bayan hutu Ciyaman ya aiko cewa aiki ya kammala, a zo a karɓa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, masu fulotai sun tara bulo da siminti suna jiran izini, kullum suna ofis ɗinmu suna yi mana zarya.

Ranar da muka isa, ni da Injiniya, mun tarar da biki sosai. An kafa kanofi a bakin layin, tsakanin gidan Alhaji da na Madam, an shimfiɗa kafet, an jera kujerun roba. Ga liman, ga fasto, ga kulolin abinci a gefe, ga mai bidiyo, ga mai sanarwa da lasifika yana ta kirari wa Ciyaman. Dattawan da suka fi son zaman ƙasa sun tuɓe takalma sun harɗe a kan kafet.

Ina sauka daga mota na tsaya ina duban gefen titi. Hanyar ƙafar da na bari daidai idon sawu, a bakin layin ta kai gwiwa, dama da hagu. Wata dattijuwa ma na gani ana kama hannunta ana jawo ta sama kamar za ta hau akori-kura. Na duba jikin lambatun da ke wurin, ban ga kafar ruwa ko ɗaya ba. Na raɓa kusa da Injiniya na ce, "Yallaɓai, wannan ba hanyar da na auna ba ce."

"Na gani, Nura," ya ce. "Tankar ruwan ta iso?"

"Tana can saman layi."

"To, madalla."

A ƙa'idarmu gwajin ƙarshe shi ne a saki ruwa daga saman hanya a ga inda zai nufa. Injiniya ya je wurin Ciyaman ya ce masa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, da za a matsar da rumfar nan da mutanen zuwa kan tsohon titi kafin mu saki ruwa, da ya fi."

Ciyaman ya yi dariya har da dafa kafaɗarsa. "Haba Injiniya! Mai bidiyo ya riga ya saita kyamara. Ai so nake a ɗauki ruwan yana shiga lambatu muna zaune a tsakiya ko ɗigo bai taɓa mu ba. Wannan shi ne tallan sauran fulotan."

Injiniya ya sake faɗa, Ciyaman ya sake ƙi. Sai Injiniya ya sa na kai tsofaffin mata da masu goyo kan hanyar ƙafa, na kuma sa aka ɗage wayar lasifika daga ƙasa aka rataye a jikin kanofi. Aka ba shi kujera a sahun gaba, ya ce bayansa ba ya son zama yau. Ya haye kan kankaren ya harɗe hannu. Ni ma na ce nawa bayan haka yake.

Liman ya yi addu'a, fasto ya yi, Ciyaman ya yi jawabin da ya ambaci Dubai a cikinsa sau ba adadi. Sannan na ɗaga wa direban tanka hannu.

Da farko abin gwanin sha'awa. Ruwan ya fito, ya rabu biyu, yana shiga kafofin can sama kamar yadda aka tsara. Jama'a suka yi tafi. Amma tanka ba ta san wasa ba, kuma direban ya biyo gangaren a hankali yana sakin ruwa. Da ya zo rabin layin sai ruwan ya daina rabuwa. Ya haɗe kansa a tsakiyar titi, ya miƙe santal, ya nufo rumfa kamar an aiko shi da saƙo.

Mai sanarwa bai fasa ba. "Jama'a ku kalli aikin zamani! Ga ruwa nan yana tahowa bisa tsari! Yanzu za ku ga ya karkata... yanzun nan zai karkata..."

Alhaji Mamuda ya miƙe yana leƙen ƙofar gidansa, fuskarsa fal murna. "Alhamdulillahi! Ko kusa da ni bai zo ba!"

Madam Ngozi ita ma tana duban nata gefen, ta ɗaga hannu sama. "Na gode wa Allah! Bana kam na huta!"

Suna rufe baki ruwan ya shiga ƙarƙashin kafet.

Ban taɓa sanin kafet yana iya tashi da mutane a kansa ba sai ranar. Dattawa suka miƙe suna tattare babbar riga. Takalman da aka jera suka kama hanya, silifas a gaba, masu nauyi a baya. Fasto ya haye kujera, kujerar ta buɗe ƙafafu, liman ya cafke shi, suka tsaya rungume da juna a cikin ruwa kowa yana ambaton Allah da harshensa. Wata kula ta jalof ta juya a hankali ta bi bayan takalman. Kuma ruwan bai fita kan tsohon titi ba. Ya isa bakin layin ya tsaya, ya dawo, ya fara taruwa. Sai mai sanarwa ya ce a lasifika, "Wanda ya ga takalmi baƙi, ƙafar hagu, nawa ne."

Mai bidiyo kuwa, Allah ya saka masa, bai kashe kyamara ba.

Ciyaman ya fito daga rumfa, shaddarsa ta jiƙe har ƙauri, yana ƙwala kiran Isiyaku. Aka nemo shi a bayan tanka. Injiniya ya sauko, ya ce kowa ya yi haƙuri, shi zai yi tambaya.

"Malam Isiyaku, me ya sami gefen dama?"

"Yallaɓai, Alhaji ne ya same ni lokacin hutu. Ya ce in ɗan ƙara yashi ta gefensa, in ɗaga kankaren, ruwan ya riƙa bi ta can." Ya nuna gidan Madam da haɓa.

Madam ta riƙe ƙugu. "Alhaji! Ni? Ni da na yi maka jinyar Hajiyarka a asibiti?"

Alhaji ya fara gyaran hula. Injiniya ya ce, "Gefen hagu fa?"

"Shi kuma Madam ce ta zo washegari. Ta ce in ɗan ƙara yashi ta gefenta, ruwan ya bi ta can." Haɓar ta koma gidan Alhaji.

Madam ta sauke hannu daga ƙugu, ta shiga gyaran ɗankwali.

"To ya aka yi ya kai gwiwa?"

"Da Alhaji ya ga na Madam ya kamo nasa, sai ya ce a ƙara. Da Madam ta ga an ƙara, ita ma ta ce a ƙara. Haka dai. Ana ta ƙarawa har yashin ya binne kafofin."

"Ba ka ce musu ba zai yiwu ba?"

Isiyaku ya dube shi da mamaki na gaskiya. "Yallaɓai, manya ne fa."

Nan Ciyaman ya samu bakin magana. Ya juya kan maƙwabtan biyu yana faɗa, sun ɓata masa aiki, sun kunyata shi a gaban baƙi, sai ya kai su kotu. Injiniya ya bari ya gaji, sannan ya nuna bakin layin ya ce, "Saura tambaya ɗaya. Ko da gefunan sun tashi, ai da ruwan ya fice kan tsohon titi. Wancan tudun da ya tare shi, ba ya cikin zane. Na wane ne?"

Isiyaku ya sunkuyar da kai. "Na Ciyaman ne. Ya ce a yi tudun rage gudu mai kyau, babba, a yi masa fenti, a nan za a yanka kirtanin buɗe hanya."

Wani daga cikin masu fulotai ya fashe da dariya, sai kowa ya kama, har liman. Injiniya bai yi dariya ba. Ya ce, "Tanka ɗaya ke nan. Ku ƙiyasta ruwan watan Agusta, da tsakar dare, yara suna barci a ɗakunan ƙasa." Dariyar ta tsaya. Alhaji ya dubi soronsa, Madam ta dubi tagar ɗakin jikokinta, wadda ba ta fi kamu biyu daga ƙasa ba.

Ba mu karɓi hanyar ba. Aka ba da umarni a kwashe intalok ɗin rabin layin, a rage yashi, a sauke kankaren, a buɗe kafofin, a fasa tudun. Masu fulotai suka ji haushin jinkirin, kuma ba ofis suka zo da haushin ba, ƙofar Alhaji da ta Madam suka riƙa zuwa da shi. Su biyun da Ciyaman suka sasanta yadda za su ɗauki nauyin gyaran a tsakaninsu, ban tambayi yadda suka yi ba.

Abin da na gani da idona shi ne yadda aka yi gyaran. Kullum na je, Alhaji yana zaune a kujera a gefen Madam yana gadin kada a ƙara mata yashi, ita kuma tana zaune a nasa gefen da lema tana gadin nasa. Ko cokali ɗaya lebura ya zuba, sai an kira ni in auna. Isiyaku kuwa na koya masa wata magana da ta cece shi: duk wanda ya ce ya yi wani abu, ya ce, "An gama, da zarar Malam Nura ya sa hannu." Ya riƙe ta gam, har matarsa ta aiko min da ƙorafi cewa ta fara jin ta a gida.

Ruwan farko na sosai ya sauka ina wurin, na fake a shagon wani mai gyaran waya. Na ga Alhaji ya fito ƙofa, Madam ma ta fito. Suka tsaya suna kallon ruwan yana rabuwa a tsakiya, rabi yana shiga nan, rabi can.

"Madam, naki yana tafiya?"

"Yana tafiya, Alhaji. Naka fa?"

"Lafiya lau. Amma kamar nawa ya ɗan fi yawa."

"Ka fara ko?"

Abin da na koya ranar gwajin nan shi ne, a aikinmu ba mugaye ne suka fi ɓata hanya ba. Mutanen kirki ne, kowa yana neman a ɗan kyautata masa kaɗan a ƙofar gidansa, da kuma ma'aikaci mai kunya da ba ya iya kallon babba ya ƙi. An rubuta ƙa'ida ne don ta ƙi a madadinsa, ya tsira da mutuncinsa, maƙwabta su tsira da zumuncinsu. Saboda haka idan kun je karɓar hanya, ku gaisa da kowa, ku saurari jawabi, ku ci abinci idan an ba ku. Amma kafin ku zaro biro, ku kira tanka, kuma ku nemi wuri mai tudu ku tsaya.