Gafarar Bakin Ƙofa

A ƙofar wata coci a unguwar Shubra, Fahim mai gadi yana kallon wata dattijuwa da ta ƙi shiga. Gajera ce mai jiki, cikin baƙaƙen kaya, zanen gicciyen da ke wuyan hannunta ya koɗe. Leɓɓanta sun bushe, alamar ta kame baki domin karɓar jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki. Sai dai ba a zuwa gaban bagadi da gaba a zuciya, ita kuwa da alama tata ta yi kwantai.

Tana danna waya da yatsa ɗaya.

"Maman Boktor? Na yi kuskure, ki yafe mini." Ta ɗan saurara. "To, ke ba za ki ce naki ba? Wa ke shanya daga sama, ruwa na ɗiga a kan zannuwana? Ni na neme ki, don na fi ki tsoron Allah, mai baƙin hali kawai!"

Ta kashe, ta gyara ɗankwali, ta taka har bakin ƙofa. Ƙamshin turare na bugunta, ƙafa ta ƙi gaba. Fahim yana zaton shekara talatin ke nan ita da maƙwabciyar tata suna wannan yaƙin, kuma kullum tare suke shan shayi.

Ga ta ta dawo, tana sake dannawa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni ce dai. Wancan bai karɓu ba."

Fahim ya yi dariya, sai ya tuna da gabar da ke tsakaninsa da ƙaninsa, ya laluba aljihu yana neman waya.